Tayar hunturu: biyu sun isa ko dole sai huɗu?

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Bana ne zan fara shiga hunturu da mota a nan Hamilton, a lardin Ontario na Kanada. Tayoyin da ke jikin motar irin na kowane yanayi ne, an rubuta M+S (wato taɓo da dusar ƙanƙara) a gefensu. Wani ya yi mini tallan tayoyin hunturu guda biyu na hannu, ya ce tunda motata da ƙafafun gaba take ja, in ɗaura su a gaba, na baya su zauna yadda suke. Kuɗin makaranta bai bar mini komai a aljihu ba. Don Allah hakan zai yi?

Injiniya na Calgary: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka yi. A shagon taya nake aiki, kuma in ka kawo mana wannan aikin ba za mu karɓa ba. In gaba na riƙe ƙasa baya ba ya riƙewa, kana shiga kwana ko ka taka birki a kan santsi, bayan motar ne zai zagayo ya wuce gaban, ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito. Gara a ce duk huɗun iri ɗaya ne ko da ba na hunturu ba, aƙalla motar za ta riƙa zamewa gaba ɗaya, ka ji ta a jikinka ka rage gudu. Hukumar sufuri ta Kanada ma abin da take cewa ke nan, a sa huɗu iri ɗaya.

Sarkin Gardama: Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Shekaru da dama ina tuƙi a Toronto ban taɓa sayen tayar hunturu ba. Motata AWD ce, ƙafa huɗu ke ja. Kafin gari ya waye an share titi an watsa gishiri. Hamilton ba Winnipeg ba ce. Masu shagon taya dole su ce a saya, ai abincinsu ne. Injiniya ka yi haƙuri, ba da kai nake ba.

Injiniya na Calgary: Da ni kake mana, amma ba komai. Ka amsa mini abu ɗaya. AWD na taimaka maka ka tashi daga tsaye, na yarda. In ka zo tsayawa fa? Kowace mota a duniya birki huɗu gare ta, taka da ta Ɗan Gusau duk ɗaya. Abin da ke tsayar da kai shi ne ɗan wurin da roba ta taɓa ƙasa. Robar tayar kowane yanayi tana fara taurin kai da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ko babu ƙanƙara ko ɗigo a titi. In aka kai digiri 20 ƙasa da sifili ta zama kamar busasshiyar ganda, ba ta lanƙwasawa balle ta kama kwalta. Ta hunturu an haɗa robarta ne don ta zauna da laushi a cikin sanyi, ga kuma ƙananan tsage-tsage a jikin zanenta da ke cizon ƙanƙara. Mai AWD ma ya fi ba ni tsoro, don motar na tashi da shi lafiya lau sai ya ɗauka titin ma lafiya lau yake.

Maman Ilham: Mu nan Montreal, a lardin Quebec, an hutar da mu wannan gardamar. Doka ce. Daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris duk motar da ke da rajistar Quebec sai ta sa tayar hunturu, in ba haka ba tarar dala 200 zuwa 300. Tun 2008 ake yi, da can daga 15 ga Disamba ake farawa, a 2019 aka dawo da shi farkon wata. Kuma M+S ɗin nan da kake gani ba ya wadatarwa a wurinmu. Sai taya mai tambarin dutse mai kai uku da hoton ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Shi za ka nema a gefen taya, ba sunan da mai talla ya kira ta da shi ba.

Sarkin Gardama: To Hajiya, in abin ya kai haka, me ya hana Ontario yin dokar? Ko Alberta inda Injiniya yake, da sanyinsu ya ninka namu?

Maman Ilham: Wannan sai ka tambayi 'yan majalisarku. Amma Ontario ɗin ai tun Janairun 2016 ta wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga wanda ya sa tayar hunturu. Rangwamen ba shi da yawa, amma kamfanin inshora ba ya rage ko sisi don Allah da Annabi, sai ya ga ribarsa. Ni aikin dare nake yi a asibiti, ina komawa gida ƙarfe shida na safe lokacin da masu share titi ba su iso unguwarmu ba. Titin da kake cewa an share an watsa gishiri, na masu fita ƙarfe tara ne.

Baban Sadik (Jamus): Mu nan ba a sa rana ba, yanayi ake dubawa. In akwai ƙanƙara ko santsi a titi aka kama ka ba tayar hunturu, Yuro 60 ne da maki ɗaya a rajistar laifukan tuƙi da ke Flensburg, in ka tare wa mutane hanya kuɗin ya ƙaru. Daga Oktoban 2024 suka daina karɓar M+S gaba ɗaya, sai mai tambarin dutsen nan da Hajiya ta faɗa. Mutanen nan a al'adance daga Oktoba zuwa Ista suke barin ta a mota.

Alhaji na Winnipeg: Salamu alaikum. Yanzu na ajiye tirela na ga an yi nisa. Ɗana na Gusau, ka ji abin da Injiniya ya gaya maka, huɗu. In kuɗi ne matsalar, na hannu ba laifi ba ne, amma ka san abin da za ka duba, don araha ba ta ado. A gefen taya akwai layin da ya fara da DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta. In ka ga 3419, an yi ta a mako na 34 na 2019. Roba na tsufa ko tana ajiye a ɗaki. Wadda ta haura shekara shida sai an duba ta da idon basira, wadda ta kai goma kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Sai zurfin zane. Akwai ɗan tudu a cikin ramin zanen, in taya ta cinye har ta yi daidai da shi, saura milimita 1.6 ke nan, ta gama aiki. Amma wannan lissafin rani ne. A kan dusar ƙanƙara, in zane ya yi ƙasa da milimita 4 sunan tayar hunturu kawai ya rage mata. Sayi ɗan ma'aunin zane, kuɗinsa bai kai na shayi da burodi a nan ba, ka tafi da shi wurin mai sayarwa. Ka duba ko gefenta ya tsattsage, ko ta yi ƙulu, ko an yi mata faci a kafaɗa. Facin da ke tsakiyar zane ana iya zama da shi, na gefe ba a yarda da shi.

Kai kuma Sarki, ba zan ce ƙarya kake ba. Mutum na iya shekara da shekaru a cikin gari bai gamu da komai ba. Amma ni a kan babbar hanya nake kwana nake tashi, daga nan zuwa Regina, daga nan zuwa Thunder Bay. Motocin da nake gani a rami da safe bayan an kwana ana zuba, da yawansu manyan jif ne masu jan ƙafa huɗu.

Sarkin Gardama: Alhaji ai kai ba a ja da kai. Amma a duba wahalar: saye, canji sau biyu a shekara, ga wurin ajiya. Mai zaman ɗaki ɗaya a bene ina zai kai tayoyi huɗu?

Injiniya na Calgary: Wannan magana ce, kuma akwai mafita. Yanzu ana yin tayar da ake bari a mota duk shekara amma tana ɗauke da tambarin dutsen. Ba ta kai ta hunturu zalla kama ƙanƙara ba, kuma tana saurin cinyewa da zafi fiye da irin taka, amma ta fi abin da kake kai yanzu nesa ba kusa ba, har Quebec ta yarda da ita. Ga mai zama kudancin Ontario da ba shi da wurin ajiya, ni ita zan ce ya saya. Kuma lissafin kuɗin ba yadda kake yinsa yake ba. Watannin da ta hunturu ke jikin mota, ɗayar na hutawa, ba ta cinyewa. Saiti biyu kake da su amma kowanne zai daɗe.

Alhaji na Winnipeg: Mu a Manitoba kamfanin inshorar gwamnati, MPI, har bashi yake bayarwa na sayen tayar hunturu, har dala 2,000 a kan kowace mota, a biya a hankali. Sai dai akwai ruwa a ciki ko da kaɗan ne, kowa ya san matsayinsa a kan wannan, ni dai na faɗa ne don a sani.

Maman Ilham: A yi maganar iska kuma. Duk farkon sanyi sai fitilar taya ta kama a motata, in je a duba a ce babu huji.

Injiniya na Calgary: Sanyi ne Hajiya. Iska na tsukewa. Duk saukar digiri 5 zuwa 6 taya na rasa kusan psi ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya. In an ba ki iska a cikin gareji mai ɗumi na digiri 15, kika fita waje ana 15 ƙasa da sifili, kin yi asarar wajen psi 5 ba tare da ƙusa ta taɓa ki ba. Ki riƙa aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya, ko sau ɗaya a wata. Adadin da za ki bi yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Wanda aka rubuta a jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba shi ake bi ba. Masu cewa a rage iska wai don taya ta baje ta kama ƙanƙara, wannan dabarar yashi ce, a kan kwalta lalata taya take yi. A tuna da safaya ma, ita ce kullum ake mantawa sai ranar da aka neme ta.

Wani abu kuma, duk wanda aka canja wa taya ya koma a sake ɗaure masa noti bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Yawancin shaguna kyauta suke yi, minti biyar ne. Tsatsa da gishirin da ke tsakanin wili da mazauninsa na sa noti ya saki bayan an yi 'yar tafiya.

Kawu na Kano: Ina bin ku daga gida ina shan iskar hunturunmu mai ƙura. Wato tayoyin nan masu hoton dutse da kuke cirewa, ashe su ne muke gani a wurin 'yan gwanjo, ana cewa ga zane ɓaro-ɓaro kamar sabuwa. A ɗaura su a bi hanyar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu.

Injiniya na Calgary: Kawu ka ja kunnen duk wanda ka isa da shi. Roba ce mai laushi da aka yi don sanyi, a kan kwalta mai zafi cinyewa take da sauri, birki kuma ya ƙara nisa. Ga tsufa a kai, don yawanci sai ta gama shekarunta ake loda ta a kwantena. A duba lambar DOT kafin a duba zane.

Alhaji na Winnipeg: Taya rabin magana ce, sauran rabin ƙafar direba. Ɗana, ka riƙe waɗannan. Gada da hanyar sama sun fi saurin daskarewa, don iska na bi ta ƙarƙashinsu, titi na iya zama jiƙe kawai amma gadar ta zama gilashi. In ka ga kwalta na sheƙi amma tayoyin motar gabanka ba sa feso ruwa, ƙanƙara ce, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka taɓa birki da ƙarfi, kada ka fizgi sitiyari. In dole ta sa ka taka birki, motarka na da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, taka ka danne, za ka ji feda na karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, aikinsa yake yi, kada ka saki. Na'urar nan mai riƙe maka gudu a kan hanya, kashe ta har bazara. Ka ba motar gaba tazara ninkin yadda ka saba ko fiye. Mu masu tirela kuma don Allah a daina shigowa gabanmu a taka birki, kaya ne a bayanmu masu nauyin tan da yawa. Motar share ƙanƙara mai shuɗiyar fitila, bi ta a baya da haƙuri, titin da ke gabanta ya fi na bayanta muni.

Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. A but ka ajiye bargo, shebur, tocila, wayar tayar da batir, safar hannu, dabino da ruwa. Ruwan wanke gilashi ka sayi mai jure 40 ƙasa da sifili, na rani daskarewa yake a cikin tanki.

Maman Ilham: Maganar bargon nan ba wasa ba ce. A Maris na 2017 motoci kusan 300 suka kwana a kan babbar hanya ta 13 a Montreal, ba daji ba, cikin gari. Kuma in mutum ya maƙale ya bar inji a kunne don hita, ya fita ya tabbatar dusar ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ba, ya ɗan sassauta gilashi. Hayaƙin da ke dawowa cikin mota ba shi da wari, barci kawai mutum zai ji. A guguwar ƙanƙarar Buffalo ta Amurka a Disamban 2022, wadda ta kashe sama da mutum 40, an samu wasu a cikin motocinsu. Buffalo kuwa tsallaken iyaka ne daga Hamilton.

Ɗan Gusau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa sayen biyun, zan tara in sayi huɗu. Amma maganar Alhaji ta tayar mini da wata. Ina aikin raba kaya da yamma da motar wani ƙaramin kamfani. Jiya na duba tayoyinta, na gaban sun suɗe har sun kai ɗan tudun nan. Na gaya wa mai kula da mu, ya ce kowa haka yake tuƙa ta, in ba zan iya ba akwai masu jiran aikin. Ni kuma da bizar karatu nake, ina tsoron rigima.

Sarkin Gardama: Nan kam zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. Lallaɓa ka ci gaba da aikinka kana neman wani. Doka na kan takarda, amma wanda ke rubuta jadawalin aiki shi ke da wuƙa da nama. Ba zai ce ya kore ka ba, sai dai ka ga sati mai zuwa babu sunanka.

Hajiya ta Ottawa: Sarki, a maganar taya na yi shiru, amma wannan ba zan bari ta wuce ba. Ina cikin kwamitin lafiya da kariya na wurin aikinmu, irin wanda dokar Ontario ta ce duk ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye ta kafa. Ƙanena, dokar kariyar ma'aikata ta Ontario ta ba ka haƙƙin ƙin yin aikin da kake da dalilin ganin zai cutar da kai, sashe na 43 ne, kuma mota na cikin kayan aiki. Ba ta tambayi irin bizarka ba. Yadda ake yi: ka gaya wa shugabanka a fili cewa ka ƙi tuƙa wannan motar saboda tayoyinta, ba wai ka ƙi aiki ba. Dole ya bincika a gabanka. Kai kuma ka zauna a wurin, kada ka yi fushi ka tafi gida, in sun ba ka wata mota ko wani aiki ka yi. In ya ce lafiya lau kai kuma ba ka gamsu ba, sai a kira sufeton ma'aikatar ƙwadago. Sashe na 50 ya hana a kore ka ko a hukunta ka a kan haka.

Abin da Sarki ya faɗa na cire suna daga jadawali yana faruwa, ban musa ba. Shi ya sa komai ka yi shi a rubuce. Ɗauki hoton tayoyin da lambar motar, ka tura masa saƙo da ladabi, ka ajiye amsarsa. Wanda ya san akwai rubutu ba ya saurin yin abin da ya ga dama.

Alhaji na Winnipeg: Ka ƙara da wannan a lissafinka. In ɗan sanda ya tsayar da motar, kai zai samu a kan sitiyari, ba mai kamfani ba. In kuma ka bugi wani, sunanka ne a rahoto, lasisinka ne, inshorarka ce za ta hau shekara da shekaru. Mu manyan motoci kullum sai mun zagaya mota mun duba mun sa hannu kafin mu tashi, kuma a Ontario in wili ya fice daga babbar mota a kan hanya tarar na iya kaiwa dala 50,000, ba a sauraron uzuri. Ƙaramar motarku wataƙila ba ta shiga wannan tsarin ba, amma ka ɗauki al'adar: taya, fitilu, waifa, ruwan gilashi, share ƙanƙarar rufin mota kaf kafin ka fita. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kuma ku masu raba kaya, abin da ya fi kwantar da ku ba karo ba ne, faɗuwa ce. Mutum ya diro daga mota da kwali a hannu ya taka ƙanƙarar bakin ƙofa. Sauka da baya, kana fuskantar mota, hannu biyu da ƙafa ɗaya a riƙe ko ƙafa biyu da hannu ɗaya, sannan ka ɗauki kayan. Sayi ƙarafan nan da ake ɗaura wa takalmi. In iska ta sa sanyi ya kai 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, kunne da yatsu ke fara tafiya.

Maman Ilham: Karayar wuyan hannu da ta ƙugu, duk hunturu su ke cika mana ɗakin gaggawa washegarin ruwan ƙanƙara.

Hajiya ta Ottawa: In kuma tsautsayi ya faru, komai ƙanƙantarsa, a gaya wa shugaban aiki a ranar, a je asibiti a ce a wurin aiki ne. A Ontario WSIB, hukumar inshorar raunin wurin aiki, ke biyan jinya da wani kaso na albashi, kuma wata shida ma'aikaci ke da shi ya shigar da buƙata. Mutanenmu sai su shafa man zafi su yi shiru, bayan wata uku baya ya riƙe, babu wata shaida.

Sarkin Gardama: Hajiya duk na ji. Amma in a takarda ba ma'aikacinsu ba ne fa? Yawancin kamfanonin nan ɗan kwangila suke rubuta mutum, su zare hannunsu daga komai.

Hajiya ta Ottawa: Tambayar da ta fi duk wadda ka yi yau ke nan. Sunan da suka rubuta ba shi kaɗai ake dubawa ba. In motarsu ce, su ke sa maka lokaci, su ke tsara maka hanya, hukuma na iya cewa ma'aikaci ne ko me takarda ta ce. Amma hanyar da za a bi ta ɗan bambanta, don haka sai mun sani tukuna. Ɗan Gusau, ɗauko takardar albashinka ta ƙarshe. Ana cire maka haraji da CPP (kuɗin fansho) da EI (inshorar rasa aiki), ko kuɗin ake turo maka dunƙule?

Ɗan Gusau: Dunƙule ake turowa Anti, duk ranar Juma'a. Ba a taɓa ba ni wata takarda ba.

Hajiya ta Ottawa: To kada ka tura masa komai tukuna. Ɗauki hotunan dai yau, ka haɗa da saƙonnin da yake turo maka na jadawali, ka same ni ta akwatin sirri bayan isha'i. Akwai ofisoshin ba da shawarar shari'a kyauta a Hamilton, zan nuna maka yadda za ka nemi wanda ke kusa da kai. Yaushe ne aikinka na gaba?

Ɗan Gusau: Gobe ƙarfe huɗu na yamma. Kuma an ce za a fara zubawa da azahar.